Kilo nawa ne cikin tayarka? Magana da masu barin gudron su shiga daji

Yau ba siyasa, ba tsadar hatsi. Maganar iska za mu yi, iskar da ke cikin tayar mota, da ɗan abin nan da ake auna ta da shi. Wanda ya yi lakkwal shi ce manometir, makanikai su gajarta su ce mano, ƴan'uwanmu na Najeriya su ce geji. Mu dai ma'aunin iska za mu ce, kowa ya gane.

Mun san akwai mai cewa, yo wannan ma har abin zama a rubuta ne? In motarka daga gida sai wurin aiki, kan gudron, cikin gari, to ba za mu ja da kai sosai ba. Amma akwai mutanen da aikinsu ke farawa daidai inda gudron ya ƙare. Direban katkat mai kai ƴan kasuwa Barmo ko Sakabal ranar da kasuwa ke ci. Mai ɗaukar kaya daga Gure zuwa Taskar. Masu ratsa Azawak daga Abalak da Cintabaradan. Direban ambilans da ake tadawa ƙarfe biyu na dare a ce mace ta kasa haihuwa a wani ƙauye inda ko rezo babu. Sai manyan, masu bin ayari daga Agadas zuwa Dirku, sama da kilomita 600 cikin Tenere. Su waɗannan, sau da yawa iskar taya ce ke raba tsakanin a isa da a kwana daji.

Kuma ƴan Nijar ba sai an gaya muna abin da tsayuwar mota ke nufi a hamada ba. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, sa'adda anka tsinci gawarwakin mutum 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawansu ƴan yankin Kance. Motocinsu biyu ne sunka lalace, ƙishirwa ta same su. Allah shi ji ƙansu. Ba mu ce taya ce sanadi ba, kar a juya muna magana. Abin da muke nufi, a can duk abin da ke iya tsayar da mota, komi ƙanƙantarsa, ba a raina shi.

To yaya muke auna iska a ƙasar nan? Da ƙafa. Direba shi zagaya mota, shi shuri taya, shi ce ta yi. Wani da babban yatsa yake dannawa. Yaron mota kuwa ƙarfen kwance taya yake ɗauka shi buga, shi kasa kunne kamar mai zaɓen kankana. Ba mu raina wannan ba, tsohon direba yana gane tayar da ta sace sarai tun daga nesa. Amma tayoyin yanzu, irin radiyal, gefensu kullum da ɗan tumbi ko iskarsu ta cika. Taya tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ido bai gani ba, ƙafa ba ta ji ba.

Mu fara da dalilin da ya sa ake rage iska tun farko, don wanda bai gane wannan ba ba zai gane amfanin ma'auni ba. Ku dubi raƙumi da jaki bisa tudun rairayi. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma jakin ne ke nutsewa, don kofatonsa ƙarami ne mai tauri, shi kuwa raƙumi tafin ƙafarsa bajewa yake yi duk sa'adda ya taka. Rage iska shi ne mayar da kofaton jaki tafin raƙumi. A ce Hilux da kaya da mutane ta kai tan 2.8, kowace taya na ɗauke da kamar kilogiram 700. In iskarta tana bar 2.5, abin da ke taɓa ƙasa wajen santimita murabba'i 280 ne, kusan tafin hannu biyu. In anka rage ta dawo 1.25, sai shi ninka, shi kai wajen 560. Lissafin allo ne wannan, don ita ma robar tana da taurinta, amma hanyar ke nan. Kuma ba faɗi sawun yake ƙarawa sosai ba kamar yadda ake zato, tsawo yake ƙarawa. Taya ta daina haƙa rami tana tura yashi gabanta, ta koma hawa bisansa.

Direbobin da sunka saba da rairayi galibi tsakanin bar 1.0 da 1.5 suke wasa, gwargwadon nauyin kaya da laushin yashi. In mota ta kafe akan sauka har 0.8 na ɗan lokaci, a fita, a mayar. Sama da nan, mota tana haƙa, inji yana zafi, gazuwal yana ƙonewa banza. Ƙasa da nan kuma wata matsala ce ke jira. Taya marar robar ciki tana iya zamewa daga janti, wato ƙarfen da take zaune bisansa, musamman in anka karya kwana da ƙarfi, iska ta fita gaba ɗaya a daƙiƙa guda. Mai robar ciki kuwa, tayar ce ke zagayawa kan janti ta ja robar har ta tsinke daga gindin bawul. Sa'an nan kun san yadda ake loda motocinmu: buhuna, jarkoki, akuya, mutane bisa suna riƙe da sanda. Motar da ta yi nauyi haka ba ta iya sauka inda motar masu yawon buɗe ido ke sauka, tayoyin baya ma ba a yi musu awo ɗaya da na gaba.

Kun ga ke nan filin wasan duka bai wuce rabin bar ba. Ma'aunin da ke kuskuren 0.3 ya cinye fiye da rabin filin. Kai kana zaton kana 1.2, alhali kana 0.9 da mutum ashirin a bayanka, ko kana 1.5 kana mamakin me ya sa mota ba ta hawa tudun da ta hau makon jiya.

Nan ne muke so mu daɗe, don nan yawancin mutane ke faɗawa, har da masu sayen ma'auni mai tsada. Kowane ma'auni mai allura yana da iyakar da yake kaiwa, kuma kuskurensa ana lissafa shi ne da wagga iyaka, ba da abin da kake aunawa ba. Misali ma'aunin da kamfani ya ce kuskurensa kashi 2 cikin 100 ne. In na kamyo ne, mai kaiwa bar 11, kashi 2 ɗin nan ya zama 0.22, sama ko ƙasa. Ga tayar kamyo mai bar 8 wannan ba komi ba ne. Ga tayar katkat mai 1.2 kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na iskar duka. Ma'aunin bai lalace ba, sabo ne fil, aikin da anka ba shi ne ba nasa ba. Kamar a auna zinariya da sikelin buhun albasa. Ɗauki wani mai kashi 2 ɗin dai, amma iyakarsa bar 4, kuskuren ya dawo 0.08. Mai iyakar bar 2 kuwa 0.04.

Ƙari a kan haka, irin waɗannan ma'aunai sun fi faɗin gaskiya a tsakiyar fuskarsu, suna rauni a farko da ƙarshe. Shi ma'aunin kamyo, bar 1.2 yana can gindin fuska, allura ba ta ma gama tashi ba, zanen kuma a cunkushe, tsakanin layi da layi wani lokaci 0.2 ne ko fiye. Me ya sa ake yawan faɗawa wanga tarko? Don bakin bawul ɗaya ne. Bawul ɗin da ke jikin tayar babur, da mota, da kamyo, duk iri ɗaya ne, na Schrader, wanda anka yi wa rajista a Amurka tun 1893. Kowane ma'auni ka kafa zai shiga, zai nuna wani abu. Shigar da ya yi ba ta ce ya dace ba.

Saboda haka mu ra'ayinmu, wanda ke da katkat kuma ma'auni ɗaya zai saya, shi nemi mai tsayawa a bar 4, wato PSI 60, mai layi-layi na 0.1 ko ƙasa da haka. Yana auna iskar gudron, yana auna ta rairayi ba laifi. Wanda rairayi ne gonarsa, shi ƙara da na biyu mai tsayawa a bar 2 ko 2.5. Amma a kiyaye, wanga ƙaramin ba a kafa shi a tayar da ke cike da bar 3. Sau ɗaya ya isa ya lanƙwasa cikinsa, daga ranar ya zama maƙaryaci, kuma ba zai gaya maka ba. A Turai akwai ƙa'idar da anka sa wa ma'aunan iskar taya, EN 12645, wadda ba ta yarda kuskure ya wuce bar 0.08 ba a awon da bai kai bar 4 ba. In ka ga wagga lamba a jikin ma'auni ko kwalinsa, alama ce mai kyau, ko da yake kun san kasuwa, rubutu ba shi da wuyar bugawa.

Sai rikicin harshe, wanda mu mutanen bakin iyaka munka fi kowa sani. Mu da munka gaji awon Faransa, makanikai suna cewa kilo: sa mini kilo biyu da rabi. Kilon nan da bar kusan abu ɗaya ne, kilo ɗaya bar 0.98 ne, ba abin faɗa. Amma kayan da ke shigo muna ta Ɗan Isa da Magarya da Ƙwanni, da yawansu PSI ne manyan lambobinsu, don shi ake amfani da shi a Najeriya. Bar ɗaya PSI 14.5 ne. Ke nan 1.2 kamar 17 ne, 1.5 kamar 22, 2.0 shi ne 29, 2.5 kamar 36. Wasu motocin kuma kPa ne a jikin takardar ƙofarsu, shi wannan mai sauƙi ne, 240 na nufin bar 2.4.

Ga inda haɗarin yake. Ma'auni mai da'ira biyu, ɗaya baƙa ɗaya ja. Maigida ya ce wa yaro, sa biyu. Yaro ya duba ya ga 20, ya ce ai ga biyun nan. Alhali 20 ɗin na PSI ne, bar 1.4 ke nan. Mota ta hau gudron da lodi da wagga iska, rana tsaka, cikin watan Afrilu. Shi ya sa muke cewa mota ɗaya, harshe ɗaya. A zaɓi bar ko PSI, direba da yaronsa su tsaya kansa, a rubuta lambobin da alƙalami mai kauri a liƙa cikin ƙofa. Kuma iskar gudron ta ainihi tana jikin takardar da ke liƙe a ginshiƙin ƙofar direba ko cikin littafin mota. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da tayar ke ɗauka ce, ba umarni ba ne a kai ta can.

Yanzu wane iri za a saya? Uku ne a kasuwa. Na farko mai kama da biro, wanda wani ɗan sanda ke fitowa daga gindinsa. Araha gare shi, yana shiga aljihu, ba shi da pil. Amma ɗan sandan nan zamewa yake yi cikin bututu, ƙwayar yashi ɗaya ta shiga sai shi riƙa tsayawa inda ya ga dama. Da yawansu kuma lambobinsu ba su farawa sai kusan PSI 10, a matse. A ajiye shi don ko-ta-kwana, amma ba shi za a ba amanar hamada ba.

Na biyu mai allura, kamar agogo. Cikinsa wani bututun tagulla ne lanƙwasasshe, iska ta shiga shi ɗan miƙe, miƙewar ta juya ƙananan haƙora, haƙoran su juya allura. Wani injiniya Bafaranshe, Eugène Bourdon, ya ƙirƙiro shi a 1849, kuma har yau bai canza sosai ba. Mu shi munka fi so wa ɗan daji, don ba ya neman pil, ba ya tsoron dare in akwai tocila, kuma kana rage iska kana ganin allura na sauka. Rauninsa ɗaya, faɗuwa. Shi ya sa a nemi mai rigar roba. Kafin ka biya, ka dubi allurar, ta zauna daidai kan sifili. In akwai ɗan ƙusa da allurar ke jingina da shi a sifili, to ka yi hankali, don ƙusan na iya ɓoye cewa allurar ta riga ta kauce. Akwai masu ruwa a ciki, gilisarin, wanda ke hana allura rawa. Suna da kyau a ido, amma in gidansu a toshe yake, zafi kan kumbura abin da ke ciki ya danne awon, kuma a ƙaramin awo irin na rairayi ne wannan ya fi tasiri. Ga ƙasarmu mai zafi, busasshe mai rigar roba ya wadatar.

Na uku na lantarki, mai nuna lamba a gilashi. Nagarinsa ya fi mai allura daidaito, wannan gaskiya ce, kuma babu gardamar karatu, abin da ka gani shi yaronka zai gani. Sai dai kar yawan lambobi ya ruɗe ka. Don ya nuna 1.23 ba ya nufin ya san bambancin 1.23 da 1.30, kamar agogon da ke nuna daƙiƙa amma yana baya da minti goma. Pil ɗinsa ɗan ƙarami ne kamar kwabo, wanda ba ka samu a butik ɗin ƙauye, gilashinsa kuma yana baƙi in anka bar shi gaban mota cikin rana. Wanda ya saye shi shi tafi da pil na ajiya, da mai allura a gefe.

Ko wanne ka zaɓa, abu biyu ne ke sauƙaƙa aiki. Ɗan tiyo mai lanƙwasawa, don kar ka riƙa kwanciya cikin yashi mai zafi kana karanta lamba a karkace. Da ɗan maɓallin sakin iska a jikin ma'aunin, ka danna ka saki ka duba, har ka iso inda kake so. Akwai wasu na musamman masu kwance cibiyar bawul su riƙe ta ciki, iska ta fita da sauri, taya huɗu cikin ƴan mintoci. Suna da amfani ƙwarai. Masu kwance cibiyar da hannu kuwa, ko masu danna ta da tsinken ashana suna ƙirge a baki, su sani cibiyar bawul in ta kuɓuce ta faɗa rairayi sai dai a yi mata addu'a.

Akwai wani dattijon direba da ya sha kai mu ƙauyukan arewacin Dakwaro ɗaukar shirye-shirye wajen makiyaya. Ma'auni biyu gare shi. Ɗaya a aljihun ƙofa, shi ke aiki kullum. Ɗayan a naɗe cikin tsohuwar safa, cikin gwangwani, ba mai taɓa shi. Munka ce, Baba, wannan na safa kuma na mene ne, ko na gado ne? Ya ce, ƴaƴana, wannan shi ne alƙali, wancan shaida ne. Duk farkon wata yakan kafa su biyun a taya ɗaya. In sun yarda da juna, shi ke nan. In sun saɓa, ya san wanda ke yawo cikin ƙura ne ya fara ƙarya. Bai yi lakkwal ba, amma abin da manyan ɗakunan awo ke yi ke nan, ma'auni na aiki da ma'auni na gwaji.

Kowa na iya yin irin wannan. Ka ɗauki tayar sakur, da safe kafin rana ta taɓa ta. Ka auna sau uku a jere da ma'auninka. In ya ba ka amsa uku masu nisa da juna, jefar da shi, ba shi da gyara. In ya tsaya kan magana ɗaya, to ka gwada shi da na mutum biyu ko uku da ka yarda da su. Kuma kar a tsaya a iskar gudron kaɗai, a sace tayar ta dawo 1.2 a sake gwadawa, don ma'auni yana iya faɗin gaskiya a 2.5 shi yi ƙarya a 1.2. Wanda kullum yake ƙara 0.1, ba ya canzawa, ba matsala ba ne, a rubuta a jikinsa a riƙa cirewa. Marar tsayawa wuri ɗaya shi ne mugu.

Mu ce wani abu game da masu faci, don kar a ce mun zo ɓata musu sana'a. Mutanen nan suna ceton mu dare da rana. Amma ma'auninsu yana ƙarshen tiyon da ake ja cikin ƙasa tun safe, yana faɗuwa, mota na taka shi, kuma yawanci na kamyo ne don shi ke yi musu kowane aiki. Mu kanmu masu mota muna da hannu, don mun saba in taya ba ta yi tauri kamar dutse ba mu ce yaro bai sa iska ba, shi kuma shi ƙara don a rabu lahiya. Abin mamaki, a kasuwar hatsi in tiya ta ɗan lotsa sai an tara jama'a, a gidan mai in lita ta ragu sai an kira hukuma, amma iskar da ke ɗauke da rayukan mutum ashirin ba mai tambayar da me anka auna ta. Ka bar mai faci shi sa iska, kai kuma ka auna da naka. Ba raini ba ne.

Sai zafi, wanda shi ma ke sa a zargi ma'auni da laifin da ba nasa ba. Iska kumbura take yi in ta ji zafi. A tayar gudron, duk digiri 10 na ƙara kamar bar 0.1. Don haka awon gaskiya na gudron da safe ake yinsa, kafin mota ta yi tahiya. In ka taso daga Damagaram ka iso Tanut ka tarar iska ta hau da 0.3, lahiya lau ne, kar ka sace ta, in ta huce za ta dawo. A rairayi kuma abin juyawa yake. Ka rage iska da la'asar, taya na da zafi, ka tsaya a 1.2. Kunka kwana daji lokacin hunturu. Da asuba tayar nan tana iya kasancewa ƙasa da 1.0 ba tare da ƙaya ta taɓa ta ba. Wanda bai sake aunawa da safe ba zai tashi da iskar da bai zaɓa ba.

Wasu za su ce motarsu ta zamani ce, tana kunna fitila in iska ta ragu. Tarihin fitilar nan ma darasi ne. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, bayan haɗurran da anka yi ta yi da motocin Ford Explorer, tayoyi na ɓarewa cikin gudu, galibi a wurare masu zafi. Kamfanonin biyu sunka yi ta ɗora wa juna laifi, akwai maganar aibin ƙira, akwai kuma maganar iska: Ford ya ce PSI 26, Firestone ya ce kamata ya yi a sa 30. Bambancin bai kai bar 0.3 ba, daidai kuskuren ma'aunin banza. Daga nan anka yi dokar da ta tilasta fitilar a sababbin ƙananan motoci na Amurka tun 2007. Amma fitilar ba ta kunnawa sai iska ta ragu da kashi 25 cikin 100, kuma a motocin okaziyo da ke iso muna sau da yawa pil ɗin na'urar da ke cikin taya ya riga ya mutu. A rairayi kuwa kunne za ta kasance tun daga farko har ƙarshe, ba abin da za ta gaya maka.

Abu na ƙarshe, wanda ya rage iska dole shi san yadda zai mayar. Muddin taya na ƙasa-ƙasa, a tafi sannu, mu dai ba mu ba da shawarar wuce kilomita 40 a awa ba, ba karya kwana da ƙarfi, ba taka birki kwatsam. In an shiga wurin duwatsu a ƙara, don gefen taya mai tumbi shi dutse ke yankawa. Da an ga gudron a tsaya a cika, ko da saura kilomita goma a shiga gari. Taya marar iska a gudu lanƙwashewa take yi tana miƙewa, zafi na taruwa cikinta, zaren ciki na rabuwa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa don an cika ta daga baya, sai wata rana ta fashe a ce ƙaddara ce. Ƙaramin kwamfaresa mai jona wa batir ko famfon ƙafa ya zama cikin kayan mota kamar jak da shebur. Allurar da ke jikin kwamfaresa kuwa tana nuna fiye da gaskiya muddin yana aiki, sai an kashe shi a karanta, gara ma a cire a auna da ma'aunin hannu.

Shi ma'aunin a ba shi gwangwani ko ɗan akwati mai murfi, nesa da rana, nesa da spana da guduma. Kafin a kafa shi a ɗan danna bawul iska ta hure ƙurar bakin. A cikin gwangwanin a zuba cibiyar bawul huɗu ko biyar, da ɗan makullin kwance ta, da hulunan bawul, irin masu zoben roba a ciki, don yaran unguwa ba sa barin su kwana a jikin mota. Allah shi kai kowa gida lahiya.